Tagar da ke Bakin Salansa

Shekara talatin da takwas na yi a bayan sitiyarin babbar mota, na ƙara goma sha ɗaya ina zaman sulhu tsakanin direbobi a ƙungiyarmu. A tsawon wannan lokaci ban taɓa yanke magana ba sai na bincika yadda na gabanmu suka yi da irinta. Saboda haka idan na ce abin da ya faru a gidan ɗan yayana ba shi da madogara a wurin magabata, ba da ka na faɗa ba. Na rubuta shi ne domin na ga an jingina wa mamaci zaluncin da bai yi ba, kuma wadda aka zalunta ba ta da numfashin da za ta kai ƙara.

Mutum uku ne a cikin maganar. Akwai Auta, ɗan marigayi yayana, direban babbar motar dizal mai taya goma. Akwai matarsa. Sai kuma yayarsa, wadda kowa ke kira Yaya, har da ni da nake ƙanin mahaifinta. Ita ta goyi Auta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan da keken ɗinkinta, da kuma tsohon ciwon asma wanda a da yakan yi wata uku bai motsa ba.

Gidan ƙofa ɗaya gare shi, ta ƙarfe. Daga ƙofar sai wani dogon fili mai ƙunci tsakanin bango biyu, wanda Auta ya rufe da kwano ya mai da shi makwancin mota. Idan motar ta shiga, abin da ke saura tsakaninta da bango bai wuce mutum ya bi a karkace yana goga kafaɗa ba. Da baya yake shigar da ita kullum, domin hancinta ya fuskanci titi. Wannan ya sa bakin salansa, wato bututun da ke fitar da hayaƙi, yake tsayawa daidai tagar ɗakin Yaya. Na auna da hannuna, kamu ɗaya da rabi ne tsakaninsu.

Ranar da na fara gani da idona, na je ne bayan sallar asuba in karɓi rigar da take ɗinka mini. Tun daga kwanar layi nake jin rurin injin. Na tarar da Auta zaune a matakalar mota da kofin shayi, yana latsa waya. Na ratsa ta gefen bango ina riƙe numfashi, domin hayaƙin ya taru a ƙarƙashin kwano ya rasa mafita. A ɗakin Yaya na same ta zaune a ƙasa, can kusurwar da ta fi nisa da taga, ta toshe ramukan tagar da ƙyallayen ɗinki, ta rufe hanci da jiƙaƙƙen tawul.

"Sannu da zuwa, Baffa. Ka zo daidai lokacin da ake mana turare," ta ce. Ta so ta yi dariya, tari ya tare ta.

"Tun yaushe ake haka?"

"Tun da aka yi rufin kwanon. Wata huɗu ke nan."

"Minti nawa yake ɗauka?"

"Ba ni da agogo. Amma nakan ja carbina in kai ƙarshe, in sake, in sake, har in daina ƙirgawa, kafin ya fita."

Ni ina da agogo. Daga shigata zuwa fitar motar minti talatin da ɗaya ne, ban da wanda aka yi kafin in zo.

Kafin ya fita na tsaya a gabansa na ce, "Auta, kashe injin nan mu yi magana."

Ya miƙe da ladabi, ya ajiye kofin, amma bai taɓa makulli ba. "Baffa, ai kai ka fi kowa sani, ba a katse wa dizal ɗumi. Baba cewa yake yi direban da ya fita da inji da sanyinsa bai san aikinsa ba."

"To, ka riƙa shigowa da hanci, salansa ta koma ɗaya gefen."

"In fita da ribas da sassafe? Wane direba ne ke buɗe ranarsa da ribas, Baffa?"

Na taka matakalar na leƙa allon mota. Allurar zafin inji ta daɗe da tashi. Allurar iska ce take rarrafe. Ga wanda bai san babbar mota ba, birkinta da iska yake aiki. Idan tankin iska ya zama wayam, birkin yakan kama tayoyin baya ya riƙe, motar ba ta matsawa ko taku ɗaya sai inji ya sake cika tankin. Mota mai lafiya takan kwana da iskarta. Ta Auta kuwa tana zubar da tata kafin gari ya waye.

"Ba ɗumi kake jira ba," na ce masa. "Iska kake jira. Motarka tana yoyo."

"Ɗan ƙarami ne, Baffa. Kowace mota tana yi. Da na dawo daga wannan lodin zan duba."

Ya dawo daga lodin, ya sake ɗaukar wani.

A makonnin da suka biyo baya na riƙa zuwa gidan akai-akai, kuma duk zuwa sai na tarar an rage wani abu daga jikin Yaya. Da farko muryarta ce ta dushe. Sannan ta daina ɗinkin safe, domin bayan fitar motar sai ta kwanta har hantsi kanta yana sarawa. Abin shaƙarta, wanda a da yakan kai wata biyu, ya koma ba ya cika kwana goma. Wata mata ta dawo mata da farin yadi ta ce yana warin tasha, kuma akwai ɗigon baƙi a wuyansa. Yaya ta wanke shi sau biyu, ta ba da haƙuri, matar ba ta sake kawo ɗinki ba. Idan aka goga yatsa a kan keken ɗinkin sai ya fito baƙi ƙirin. Na ce a raina, abin da ya hau ƙarfe haka, me ya yi wa ƙirji?

Akwai wani ɗaki a can ƙarshen gidan, mai taga biyu da ke kallon buɗaɗɗen tsakar gida. Na tambayi matar Auta me ya hana a mai da Yaya can.

"Ai tayoyinsa ne a ciki, Baffa, da jarkokin baƙin mai. Ya ce rana tana kashe taya."

"Ita kuwa Yaya hayaƙi ba ya kashe ta?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi. "Ciwonta tsoho ne fa, Baffa. Tun kafin a kawo ni take da shi. Mu ma duk muna jin warin, ba mu ce komai ba."

"Idan aka juya motar, tagar wa salansa za ta fuskanta?"

Ban buƙaci amsarta ba. Tagar ɗakinsu ce.

Sai na ɗauko bakaniken da ya yi mini aiki shekara ashirin, na kai shi gidan wata yamma da motar take ciki. Mutum ne mai ƙarancin magana. Ya kaɗa sabulu a ruwa, ya shiga ƙarƙashin motar yana shafa wa tiyon iska ɗaya bayan ɗaya. Bai yi minti goma ba ya kira mu. A mahaɗar wani tiyo kumfa tana tashi tana fashewa.

"Ga ɓarawonka," ya ce wa Auta. "Mahaɗar ta tsage. Ka ba ni motar rabin yini, in canza ta da tiyon gaba ɗaya."

"Rabin yini? Gobe da asuba nake da lodi."

"Jibi fa?"

"Jibi ina hanya."

Bakaniken ya goge hannunsa da tsumma. "Kuma wannan dogon silo da kake bar mata kowace safiya, inji yana aiki tana tsaye, ba gata kake yi mata ba. Injin wannan zamani minti biyar ya ishe shi, mai ya zagaya, sai ka fita a hankali, a kan hanya zai ƙarasa ɗumi. Barinsa a tsaye yana ruri, gawayi kawai yake tara maka a ciki."

Auta ya yi murmushi ya dube ni. "Ka ji su, Baffa. So suke inji ya mutu a kai musu. Baba ya yi shekara talatin yana ba inji rabin awa, bai taɓa sauke shi ba."

Bakaniken ya ɗauki jakarsa. A bakin ƙofa ya ce mini a hankali, "Wadda ke tari a ɗakin nan, ku fitar da ita. Ni a gareji nake yini, amma garejina ba shi da rufi."

Wannan ambaton mahaifinsa da Auta ya riƙa yi shi ya sa na kira zama. Na zaunar da su ukun a falo, na yi magana yadda nake yi a ƙungiya.

Na ce, "Auta, ka ambaci yayana sau biyu a gabana, to bari in ba ka labarinsa cikakke, domin ni na yi masa yaron mota kafin a haife ka. Gaskiya ne yakan ba inji rabin awa, domin injin wancan lokaci yana buƙata. Amma a ina? A filin bayan makaranta yake ajiye motarsa, ya tako da ƙafa kowace asuba, ko ana ruwa. Na taɓa tambayarsa me ya hana ya kawo ta ƙofar gida, ya ce mahaifiyarku tana da ƙananan yara a ɗaki. Ka ɗauki rabin awar, ka bar filin. Na biyu, a shekarata ta uku a zaman sulhu an kawo mana maganar wani direba da ya kwanta a cikin motarsa a rufaffen sito, ya bar inji yana aiki saboda sanyi. Da safe gawarsa aka fitar, babu ko ƙwarzane a jikinsa. Tun daga ranar ƙungiya ta hana a tayar da inji a ƙarƙashin rufi. Ban san wani magabaci da ya yi abin da kake yi ba."

Auta ya saurara kansa a ƙasa. Da na gama ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baffa. Amma zamanin Baba babu masu kwance batir. Ni sau biyu aka kwance mini a waje, aka zuƙe mini tanki. Motar nan ita ke ciyar da gidan nan, har da Yaya. In ta tsaya, kowa ya tsaya."

"Ba a ce ta tsaya ba. An ce ka gyara yoyo, ka kwashe taya daga ɗaki."

"Zan yi. Wallahi yana raina. Bari ayyukan nan su lafa."

Na juya ga Yaya. Tana da takardar likita a hannu, wadda aka rubuta mata cewa ta nisanci hayaƙi, na ga ta ninke ta ta tura ƙarƙashin cinya.

"Yaya, ki yi magana."

Sai da ta ja numfashi sau biyu, ƙirjinta yana fito, kafin ta ce, "Baffa, ni na goye shi. Ba zan zauna a gidansa in zama mai raba shi da sana'arsa ba. Zan riƙa fita tsakar gida da asuba har ya tafi."

"Ka ji ko, Baffa?" Auta ya ce, fuskarsa ta saki. "Ita ma ta fahimta."

A nan na yi kuskuren da nake ɗauke da shi har yau. Na ce ta tattara ta koma gidana, ta ce mutane za su ce ƙaninta ya kore ta. Na karɓi wannan amsar, na tashi na tafi, alhali da na dage da ta bi ni.

Ta riƙa fita tsakar gida kamar yadda ta ce. Na same ta can wata safiya, zaune a kan kujerar roba kusa da igiyar shanya, ta lulluɓa da bargo. Hayaƙin yana biyo ta, domin rufin kwanon ya zama masa hanya, ta baya yake fitowa ya bazu a gidan. Idan ta koma ɗaki kuma, ta tarar da wanda ya shige ta ramukan taga yana jiranta a cikin katifa da labule. Ta rame har zoben hannunta ya riƙa zamewa. Ta daina kwanciya a miƙe, sai a jingine da matashi uku. Idan za ta yi magana sai ta raba jimla biyu.

Sai damina ta kankama, tsakar gida ta daina zaunuwa.

Ranar da abin ya faru, motar ta yi kwana biyu ba ta fita ba. An wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, Yaya ba ta iya fita ba, Auta kuma ya tayar da inji kamar kullum. Gari ya fara haske wayata ta yi ƙara. Matar Auta ce.

"Baffa, Yaya ta faɗi. Ba ta magana."

Gida uku ne tsakaninmu. Na buga wa maƙwabcinsu mai ƙaramar mota ƙofa, na ce ya fito da ita, sannan na ratsa gefen bango na shiga. Auta ya kashe injin da ya ji ihun matarsa. Sun jawo Yaya zuwa bakin ƙofar ɗakinta. Idonta a buɗe yake, leɓɓanta sun yi duhu, kafaɗunta suna ɗagawa suna sauka, amma fiton ƙirjin da muka saba ji ya ɗauke. Matar Auta tana fesa mata abin shaƙa a baki, babu abin da ke fita.

"Ya ƙare tun jiya," ta ce.

"Ɗauke ta," na ce wa Auta. "Mota tana waje."

Ya ɗauke ta a kafaɗa ya nufi gefen bango. Bai yi taku uku ba suka cije tsakanin jikin mota da siminti. Wurin da mutum ɗaya ke bi a karkace ba ya ɗaukar mutum biyu. Muka gwada ni a gaba riƙe da kafaɗunta, shi a baya riƙe da ƙafafu, sai tankin mai ya tare mu, kanta yana bugun ƙarfe. Muka dawo da ita. Na duba ƙarƙashin motar, ƙarafan tayoyin baya sun sauko har kusa da ƙasa. Na duba katanga, Auta ya dasa mata fasassun kwalabe tun daga wannan ƙarshe har wancan saboda ɓarayi.

"Fitar da motar," na ce.

Ya haye da gudu, ya danna maɓallin sakin birki. Maɓallin ya dawo. Ya sake dannawa, ya sake dawowa. Ya leƙo ta taga, ruwan da ke ɗiga daga kwano yana sauka a fuskarsa.

"Babu iska, Baffa."

"Nawa allura take?"

"Ta koma ƙasa. Ɗan abin da ta tara ya zube da na kashe."

Babu wata hanya. Domin a fitar da Yaya daga hayaƙi, sai an ƙara mata hayaƙi. Na ce da matarsa ta kama mini, muka ja ta zuwa ƙarshen tsakar gida, ƙarƙashin 'yar rumfar da ke ƙofar ɗakin tayoyi. Na jingina ta a ƙirjina a zaune. Na ɗaga murya na ce ya tayar.

Injin ya kama. Auta ya taka totur domin tanki ya yi saurin cika, baƙin hayaƙi ya turnuƙo ta bayan motar, ruwan sama ya danne shi ƙasa ya hana shi tashi. Ƙararrawar ƙarancin iska ta riƙa kuka a cikin motar ba ƙaƙƙautawa. Matar Auta tana kaɗa mana murfin kwali, tana kuka ba sauti. A waje maƙwabcin yana dukan ƙofar ƙarfe yana tambayar me muke jira.

Na duba agogo. Minti huɗu.

"Nawa?" na kira.

"Ta fara tashi."

Minti tara. Hannun Yaya da ke riƙe da hannun rigata ya saki. Na kira ta, ta motsa ido. Na ce mata ta bi numfashina, na riƙa ja ina saki a kusa da kunnenta kamar yadda ake yi wa yaro. Ban sani ba ko tana jina.

"Nawa?"

"Saura kaɗan, Baffa. Saura kaɗan."

Na ji yana dukan sitiyari da tafin hannu, yana roƙon motar kamar mutum. Minti goma sha uku. Kanta ya faɗo a kafaɗata. Na sa yatsa a wuyanta, akwai bugu, amma siriri, mai sauri. A minti na goma sha bakwai ƙararrawar ta yi shiru, birki ya saki da tsaki mai ƙarfi, motar ta fita titi. Auta ya dawo da gudu ya sungume ta, muka bi ta wurin da motar ta bari, cikin hayaƙin da bai gama washewa ba.

A asibiti suka karɓe ta suka sa mata abin iska a fuska, suka rufe ƙofa. Bayan kamar awa biyu likita ta fito ta tambayi waye nata. Muka miƙe mu biyu.

"Me ya tayar mata da shi haka?"

"Sanyin damina ne, likita," Auta ya ce. "Dama tana da shi tun tuni."

Na ce, "Likita, ba sanyi ba ne. Wata bakwai ke nan ana tayar da injin dizal a bakin tagarta kowace safiya, a ƙarƙashin rufi, fiye da rabin awa. Wannan da ke tsaye shi ke tayarwa, ni kuma na sani ban ɗauke ta ba."

Likitar ta dube shi, ta dube ni, ta rubuta. Ta ce da an ƙara minti kaɗan da wani zancen ake yi. Ta ce za ta tashi, amma huhun ba zai koma yadda yake ba.

Kwana goma sha biyu ta yi. Ranar da aka sallame ta ban nemi shawarar kowa ba, na wuce da ita gidana, na ba ta ɗakin da ke kallon bishiyar tsakar gida. Matata ta ɗauki jinyarta. Keken ɗinkin na aika aka kawo, amma har yau ba ta iya taka shi fiye da minti goma.

Masu zuwa dubiya sun yi ta cewa Allah ya kiyaye, tsautsayi ne. Ni ban yarda a kira shi tsautsayi ba. Tsautsayi shi ne abin da ya zo ba a gan shi ba. Wannan kuwa an nuna shi da kumfar sabulu, an rubuta shi a takardar likita, an faɗe shi a zaman iyali. Auta bai taɓa ɗaga wa yayarsa murya ba, bai hana ta abinci ba, ko yau ka tambaye shi zai ce yana sonta, kuma ba ƙarya yake yi ba. Abin da ya yi shi ne ya jera abubuwan gidansa bisa daraja, inji a gaba, sai taya, sai lodi, sai tagar ɗakinsa, ya sa numfashin wadda ta goye shi a ƙarshe. Mu kuma da muke gani muka riƙa karɓar "zan yi" a matsayin an yi.

Mako guda bayan sallamar ya zo gaishe ta. Ya biyo ne daga hanya, da motar. Ya tsayar da ita a ƙofar gidana, ya shigo da leda cike da lemo, ya durƙusa a bakin ɗakin.

"Yaya, ya jiki? Na gyara yoyon fa. Bakanike ya canza tiyon gaba ɗaya, rabin yini bai ma cika ba."

"Madalla," ta ce.

"Tayoyin ma zan kwashe. Ki dawo ɗakinki, mai taga biyu."

Na ga idonta ya bar fuskarsa ya koma taga, hannunta yana laluben abin shaƙa a ƙarƙashin matashi. Sai a lokacin na lura da abin da kunnena na direba ya saba da shi har ya daina ji. Injin yana ruri a waje. Bai kashe ba.

"Baffa," ta ce a hankali, "a rufe mini tagar."

"Ba za a rufe ba."

Na fita, na taka matakalar motar duk da ciwon gwiwata, na murɗa makulli na zare shi. Layin ya yi tsit. Da na sauko na tarar da Auta a bayana.

"Baffa, daga doguwar hanya take. Ba a kashe inji da zafinsa, sai ya huce a silo. Kuma ba daɗewa zan yi ba."

"Na sani. Ni na koya wa mutane da yawa haka." Na sa makullin a aljihu. "Daga yau, idan za ka zo gidan nan, ka ajiye ta a filin bayan makaranta, ta huce a can, ka tako da ƙafa. Yanzu koma ciki ka zauna a gabanta. Ba za ka karɓi makullin nan ba sai ka ji yadda take numfashi, tun daga ja har zuwa saki, na tsawon rabin awa."

Ya koma ciki ya zauna a ƙasa kusa da gadon. Na ɗauko kujera na zauna a bakin ƙofa, na cire agogona na ɗora a gwiwa.